Hedifon a Kan Sabon Kitso

Katanga ɗaya ce tsakanina da Susanna a Samaru, katangar ma ba ta kai kafaɗata ba, don haka kada wani ya ce mini ban san matar nan ba. Shekara goma sha tara tana buga takardu a wani ofishin binciken noma. Ni aji huɗu na tsaya a firamare na kama suyar awara, amma in dai tsokana ce, furofesa ma sai ya zo ɗaukar darasi a wurina.

Aikinta shi ne ɗalibai su je ƙauyen Bomo su naɗo muryar manoma a waya, ita kuma ta saurara ta buga kowace kalma. Da ƙananan iyafis ɗin nan masu kama da ƙwayar wake take yi, har kunnenta na hagu ya kumbura ya soma ruwa. Likita ya ce kada ta sake cusa komai a ciki. A satin nan ne sabon ogansu, Dokta Martins, ya jibge mata naɗi talatin. Ya ce in wata ya ƙare ba ta gama ba, ɗakin ajiyar fayil za ta koma, akwai masu sabon kunne suna jiran kujerarta.

Da ta ba ni labari ta kan katanga na ce, "Ayya Maman Othniel, ashe tsintsiya zan saya miki ta kaɗe gizo-gizo."

Ta ce, "Maman Felix, juya awararki tana ƙonewa. Ba a haifi wanda zai ɗaga ni daga kujerar nan ba."

Ranar Asabar na ɗauka kasuwar PZ za ta wuce ta sayo babban hedifon mai rufe kunne. Ina! Gidan kitso ta fara zuwa. Aka yarfa mata shuku mai zafi, irin wanda ke ɗage gira sama. Ta dawo ta kafa ɗankwali, ta maƙala tabarau, ta ce in raka ta.

Na ce, "Kasuwa za mu ko ɗaurin aure?"

Ta ce, "Sau biyu nake kitso a wata. Kullum da ɗankwali, kullum da tabarau. Kan da zai ɗauki abin shi zan kai a gwada, kuma a ranar da ya fi ciwo."

A PZ muka shiga shagon Ejike mai kayan waya. Ya sauko da kwali a naɗe cikin leda yana washe baki.

"Madam, wannan orijina ne. Ƙararsa kamar gangar coci."

"Ba ganga na zo saye ba. Muryar tsoho marar haƙori zan ji. Buɗe in sa."

Ejike ya rungume kwalin kamar jariri. A layin nan dokar ɗaya ce, in an yage leda ka saya.

Susanna ta ja bencinsa ta zauna. "Ɗan'uwana, takalmi ma sai an zura ƙafa. Kana so in sayi abin kai ban sa kai ba? To nan zan wuni."

Duk wanda ya leƙo sai ta gaishe shi da kyau, ta ce, "Kai ma a rufe za a sayar maka?" Mutum biyu suka juya. Ni kuwa na samu abin yi, ina taya ta da "Allah sarki". Funmilayo mai atamfa a shagon kusa ta leƙo ta ce, "Ejike, buɗe wa Mama mana, kafin ta kore mana layin gaba ɗaya!"

Ya buɗe, yana ƙunƙuni da yarensu.

Na farkon ja ne mai walƙiya. Minti biyar ta cire, ya matse mata ƙafar tabarau a bayan kunne. Na biyun da ta sa ya buɗe katifarsa ta roba ce, gumi ya soma bin wuyanta, ƙarfen saman kuma ya zauna daidai kan tsagar kitso. Ta ce, "Wannan ai horo ne."

Ejike ya ƙule. Ya jawo wani baƙi daga ƙasan kanta, mummuna, da waya zaro-zaro, ya miƙa mata don ta tafi ta ba shi wuri. Ba nauyi. Katifarsa ta yadi, ta kewaye kunnen ba ta taɓa kumburin ba, saman kuma ya buɗe ya haye ɗankwali. Ba ya ma son caji, balle a ɗauke wuta ya mutu mata a tsakiyar magana.

Na ce, "Maman Othniel, kin fito sak direban jirgin sama."

Ba ta kula ni ba. Ta jona shi a wayarta, ta kunna muryar wani manomi, ta lumshe ido, yatsunta na buga gwiwa kamar tana ofis. Awa ɗaya cur! Ejike ya ci shinkafarsa ya gama, sannan ta cire ta ce, "Na manta yana kaina. Shi zan ɗauka."

Ranar Litinin, in ji ta, Dokta Martins ya tsaya a ƙofa ya ce wannan abin bai dace da ofis ba. Ta ɗaga ɓangare ɗaya ta ce, "Ranka ya daɗe, naɗi talatin ka ce ko kwalliya?" Ta mayar ta ci gaba da bugu. Saura kwana biyu wata ya ƙare ta dire masa takardun a tebur, duka talatin. Maganar ɗakin fayil ba ta sake tashi ba.

Yanzu ni ce a wahala. Da yamma sai ta zauna a tsakar gida da abin a ka, tana jin waƙoƙin zumuntar mata, tana bi da ƙarfi, ba ta jin muryar kanta. Jiya na leƙa na ce, "Susanna, kajina sun daina ƙwai!"

Ta ɗago mini hannu, ta ƙara murya.