Adda Selina da Faifan Ƙaninta

Duk wanda ya taɓa kawo memori a cika masa da waƙa a layinmu na Limawa ya san Adda Selina. Shagonta na jikin nawa, ni ina gyaran waya, ita tana tura waƙa. Shekara tara muna shan inuwar rumfa ɗaya, kuma ban taɓa ganin mai riƙo kamarta ba. Idan ka taka ta, ko kai ka manta, ita tana nan riƙe da ranar da watan.

A Ganye aka haife ta. Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinsu Jimeta tana 'yar firamare, da ya rasu ita ta riƙe ƙaninta Zadok har ya gama karatun koyarwa. Ta fara da tallan kaset, ta koma CD, da zamani ya juya ta sayi tsohuwar kwamfuta. Rabin masu Keke Napep na unguwar wurinta suke zuwa. Ba sa zaɓar komai, sai dai su miƙa memori su ce ta sa musu masu zafi. Abin da ta ga dama shi gari zai sha har mako ya zagayo.

Zadok malamin makaranta ne a unguwar Bako, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu. Mutum ne mai sanyi, ko gaisuwarsa sai ka kasa kunne. Shekara uku ya yi yana haɗa faifai a ɗakinsa, waƙa takwas. Ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin noma da kakarsu ke rerawa da harshen Chamba, ya ɗora su a kan sautin na'ura, ya kuma bi da muryarsa ta cikin na'urar har ta sirance. Da farko ban gane kansu ba. A ji na uku sai ga ni ina bin su da baki ina tsakiyar kwance waya.

A lokacin akwai wani Harrison a wani gidan rediyo mai zaman kansa, yana da shiri duk Asabar da hantsi inda yake yanke wa sababbin faifai hukunci. Ya yi shekara biyu a Legas, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Zadok ya kai masa faifansa hannu biyu-biyu. Ranar Asabar muka kunna rediyo a rumfa, Selina har ta saya wa kowa lemo. Harrison ya sa waƙar farko, ko rabin minti ba ta yi ba ya katse ta yana dariya. Ya ce ya zaci janaretan gidan ne ke shirin mutuwa.

"Malam, koma ka riƙe allinka," in ji shi.

Ya wuce zuwa faifai na gaba. Ko ni da ba ɗan'uwana ba sai da na ji zuciyata ta tafasa. Kafin mako ya fita malaman makarantarsu sun laƙaba masa Malam Janareta. Zadok ya lulluɓe fiyanonsa da zani ya tura ƙarƙashin gado, ya gaya wa fasto a nemi wani makaɗin. Selina ta lallashe shi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Ba abin da take so a duniya irin ta sake ganin yatsunsa a kan fiyanon nan, kuma ta ƙudura cewa hakan ba zai yiwu ba sai Harrison ya lashe amansa a gaban gari.

Ga abin da ta yi, kuma ba zan ɓoye ba, ni na ƙara zuga ta. Ta cire waƙar farko wadda Harrison ya riga ya ji, ta goge sunan Zadok daga sauran bakwai, ta rubuta "Sabo daga Kamaru". Ta san cutarmu sarai: abu in ya tsallako iyaka mu rungume shi, in na maƙwabci ne mu taɓe baki. Ta jera su a saman kowane memori, da an kunna su za a fara ji. Sauran masu tura waƙa kuwa daga memorin kwastoma suke kwafar abin da ba su da shi, ba mai tambayar asali. Cikin wata biyu duk Keken da ka shiga, daga kasuwa har bakin tafkin Njuwa, muryar Zadok ce ke tashi. Har 'yan ƙabilarsu ba su yi shakka ba, don a can ƙetaren ma akwai danginsu masu wannan harshe.

Zadok ya ji da kunnensa, ya zo ya tambaye ta. Ta ce ya ba ta wata ɗaya kawai. Ya juya ya tafi.

Wata Asabar sai ga Harrison ya ba waƙoƙin shirinsa gaba ɗaya. Ya yabi sanyin kiɗan, ya yabi muryar, har ya ce ya san ɗakin da aka naɗe su a Yawunde. Ya ƙara da cewa malamin nan na Bako ya zo ya zauna ya koya. Da aka buɗe layi Selina ta riga kowa.

"Oga Harrison, sunana Selina daga Limawa. CD ɗin da malamin Bako ya ba ka, ɗauko ka sa mana lamba biyu. Waƙa ɗin da kake yabo yana ciki, na ƙanina ne."

Aka katse layin, sai talla ta shigo. Rumfarmu ta kaure da shewa, ni har na kifar da kujera. Ranar na ga Selina ta yi dariyar da rabona da ita tun kafin faifan ya fito.

Amma ba mu san Harrison ba. Asabar ta gaba ya dawo da murya mai nauyi, ya ce ya binciki faifan, kuma abin takaici ne malamin makaranta ya kwashi waƙoƙin bayin Allah na Kamaru ya buga sunansa a kai. Ya ce duk mai shakka ya duba memorinsa ya ga abin da aka rubuta. Mutane suka duba. A kowace waya, a kowane Keke, rubutun Selina ne yake ba shi shaida. Ta bi masu tura waƙa shago-shago tana rantsuwa ita ta rubuta, suka ce ai dole ta kare ƙaninta.

Ranar Talata Zadok ya zo rumfa bayan an tashi makaranta, ya roƙe ta ta mayar masa da sunansa. Nan take ta gyara a kwamfutarta, aikin minti ɗaya. Yana tsaye sai wani mai Keke, Nata'ala, ya faka ya miƙo memori.

"Adda, sa mini na Kamaru ɗin nan. Na asali fa, ba na malamin da ya sata ba."

Selina ta miƙe za ta yi masa wankin babban bargo, Zadok ya riƙe mata hannu.

"Ba shi, Adda. Waɗancan yake so."

Daga ranar bai sake tambayarta komai a kan faifan ba, bai kuma sake taɓa fiyano ba. Yau shekara huɗu ke nan. Harrison yana nan da shirinsa, Selina ba ta taɓa barin ya wuce ta ba, tana saurare tana cije leɓe tana jiran ranarsa. Duk memorin da ya biyo ta hannunta kuwa sai ta tsaya ta goge Kamaru ta rubuta Zadok. A rana takan gyara goma ko sha biyu, masu kwafa kuma ba su daina kwafa ba.