Ranar da Sandar Majalisa Ta Yi wa Pak Derus Nauyi

Kafin masu shara su iso, kafin Mek Esah ta ɗora ruwan shayi a ɗakin abinci na ƙasa, Pak Derus ya riga ya buɗe zauren majalisar jiharmu. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama a ɗakin da babu kowa sai kujeru, sannan ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa. Na fi shekara ashirin ina aikin rubuta duk abin da aka faɗa a zauren nan, kuma na sha tarar da shi a tsaye haka. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Pak, wa kake gaisarwa? Kujeru?"

Ya ce, "Zabedah, ɗakin da aka yi shekara da shekaru ana rantsuwa a cikinsa ba ya zama babu kowa."

Na yi dariya, don ni ba matsoraciya ba ce. Amma tun daga ranar ban ƙara shiga zauren ni kaɗai ba, ko da jakata na manta a ciki.

A ƙarshen watan nan Pak Derus bin Jusoh zai ajiye aiki, Pak kuwa a wurinmu baba ke nan. Shi ne mai ɗaukar sandar majalisa. Kullum da safe yakan fito da ita daga akwatinta ya goge azurfar da tsumma mai laushi, ya gwada ƙararrawa, ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya yana duba makirufo, ya ajiye wa kowa kofin ruwa. Idan lokaci ya yi sai ya sa baƙar riga da baƙar hula da farar safar hannu, ya ɗora sandar a kafaɗa, ya shigo gaban Shugaba yana shelar, "Shugaban Majalisa." Iyakar abin da doka ta yarda ya furta a zauren ke nan. 'Yan majalisa sun zo sun tafi, gwamnatoci sun hau sun sauka, an yi zage-zage har an taɓa jifa da takalmi, shi yana tsaye a gefen ƙofa, fuskarsa ba ta nuna wanda yake goyon baya.

Ga wanda bai taɓa zama a barandar baƙi ba, aikin sandar ba wuya a gane shi. Idan tana kan tebur, majalisa tana zama. Ƙudiri yakan sha karatu na ɗaya da na biyu, sannan 'yan majalisa su koma kwamiti don bin sa sashe-sashe, a nan Pak Derus yakan sauke sandar ya rataye ta a wasu ƙugiyoyi da ke ƙarƙashin tebur. Idan sun gama sai ya ɗago ta ya mayar sama, kafin a yi karatu na uku a kai wa Sarki ya sa hannu. Muddin tana ƙasa, ko dukansu sun ɗaga murya sun ce sun amince, hira kawai suka yi.

Akwai wata shekara da wani ɗan majalisa daga ƙauyukan bakin teku ya rasu ana tsakiyar zango. Ba a daɗe da jana'izarsa ba, ana cikin lokacin tambayoyi, sai jar fitilar makirufonsa ta kama da kanta. Kowa ya gani. Kwamishinan da ke amsa tambaya ya tsaya da baki buɗe, Shugaba ya kalli akawu, akawu ya kalli takalminsa. Pak Derus ya taka a natse har gaban kujerar, ya rusuna mata kamar yadda yake rusuna wa mai rai, ya sa yatsa ya kashe. Masu gyaran wuta sun ce waya ce ta jiƙe, kuma wataƙila haka ne. Shi dai ya ci gaba da ajiye kofin ruwa a wurin har aka yi zaɓen cike gurbi. Mek Esah ta rantse kofin yakan dawo mata rabi, amma Mek Esah ba a rantsuwa da bakinta.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa shi ne Sulong, ɗansa na fari, wanda yake kira Long.

Sulong masunci ne. Wata damina ya fita da jirginsa shi da mutum biyu, iska ta taso, ba a ƙara ganinsu ba. Ba jirgi, ba gawa, ko hula ruwa bai maido ba. Ya bar mata mai suna Rokiah, muna ce mata Kiah, da 'yar jaririya. Mutanen ƙauye suka nemi a yi sallar ga'ibi, Pak Derus ya ce a kan gawar wa? Wanda ba a ga gawarsa ba bai mutu ba. Ya ce an taɓa jin masunta da ruwa ya kai wata ƙasa aka tsare su, suka dawo bayan an cire rai. Kowace Juma'a bayan masallaci yana bakin gaɓa yana kallon ruwa. Kiah kuwa ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Fili da gida suna sunan miji, ba a raba gado, ba ta da ikon sayar da ko bishiyar kwakwa ɗaya. Dokar da ke akwai ta ce sai an jira shekaru masu yawa kafin alƙali ya saurari ƙarar tabbatar da mutuwar wanda ya ɓata, kuma irin su Kiah ba su ƙirguwa a ƙauyukan gaɓa. Wani malamin makaranta ya aiko da maganar aure. Surukinta ya ce matar ɗansa ba ta da wani miji sai ɗansa, ita kuma ba ta iya ɗaga ido ta kalle shi balle ta yi musu.

Sai ga ƙudiri ya zo gaban majalisa, wanda zai rage jiran ga iyalan waɗanda teku ta ci, idan mutanen gari sun ba da shaida. An yi ta jan ƙafa da shi har ya kai ranar ƙarshe ta zama, ana gobe za a rushe majalisa a tafi zaɓe. Ƙa'idar zama ba ta da wasa: da agogon bango ya kai lokacin tashi an tashi, kuma duk ƙudirin da bai sha karatu na uku ba ya mutu, sai dai sabuwar majalisa ta faro shi daga tushe idan ta ga dama.

Ranar da rana tsaka ina ɗakin abinci, Pak Derus yana gefe yana cin shinkafar kwakwa da kifi a ganyen ayaba, sai ga Onarabul Mat Piah, wanda ya fi kowa ƙin ƙudirin. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Pak, yaya bayan naka? Na ji an ce yana damun ka. Tsoho irinka idan ya durƙusa ya ɗan jima kafin ya miƙe, wa zai ga laifinsa?"

Mek Esah ta dire masa shayi har ya fantsama ta ce, "Onarabul, kai da cikinka ya hana ka ganin takalminka, kai ne likitan baya?"

Aka yi dariya. Mat Piah ya rage murya ya ce, "Ni tausayinka nake ji. Yau da hannunka za ka kashe yaron nan a takarda."

Pak Derus ya naɗe ganyen da sauran shinkafar a ciki, ya tashi ya wanke hannu. Na ga bai ci ko rabi ba.

Tun safe ake ruwa, irin na damina mai sa rana ta koma kamar magariba. Barandar baƙi ta cika da matan ƙauyukan gaɓa, Kiah tana layin gaba da 'yarta a cinya. Masu adawa da ƙudirin suka yi ta jan magana a kwamiti, kowane sashe sai an kawo gyara, kowane gyara sai an nemi a ƙirga kawuna. Ni ina rubutu ina satar kallon agogo. Da ƙyar aka kai sashe na ƙarshe, saura ɗan abin da bai isa a sha shayi ba. Shugaba ya ce majalisa ta dawo zama, ya kalli Pak Derus.

Teburina yana dab da na sandar, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Pak Derus ya zo ya rusuna, ya durƙusa, ya sa hannu biyu a ƙarƙashin tebur. Sai ya tsaya a haka. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar mai jan angar jirgin ruwa, sandar ko motsi. A lokacin ne na ji warin. Ba warin ruwan sama ba ne, ni 'yar gaɓa ce, na san warin teku da warin komar kamun kifi wadda ta kwana a jiƙe. Na duba ƙasa, sai na ga jan kafet ya yi duhu-duhu a wurare, tun daga babbar ƙofa har gindin tebur, kowane tabo da 'yar tazara tsakaninsa da na gaba, kamar sawun ƙafa. Sanyi ya kama ni daga ƙafa. Fitilun zauren suka yi ƙasa suka dawo. Mat Piah kuwa ya kishingiɗa yana kallon agogo yana murmushi, don shi a zatonsa shawararsa aka ɗauka.

Shugaba ya kira Pak Derus a hankali. A baranda 'yar Kiah ta miƙa hannu tana nuna ƙarƙashin tebur, uwarta ta kama hannun ta sauke.

Sai na ji muryar Pak Derus ƙasa-ƙasa, ba da Shugaba yake ba, ba da kowa a kujerun ba. Ya ce, "Saki, Long. Saki, ɗana. Kiah ta gaji."

Sandar ta fito da sauƙi har ya ɗan yi baya kamar zai faɗi. Ya miƙe, ya ɗora ta a kan tebur, ya daidaita kanta ya fuskanci inda ya kamata, ya rusuna, ya koma wurinsa. Akawu ya karanta sunan ƙudirin a gurguje, Shugaba ya tambayi masu amincewa, aka amsa, ya buga guduma. Ba a fi numfashi kaɗan ba lokaci ya cika. Farar safar hannunsa tana ɗigar ruwa har ƙasa, ni na gani, akawu ma ya gani, sai dai shi akawun bai taɓa yarda a yi maganar da shi ba. Maganar Pak Derus ba ta cikin littafin zaman ranar, don wanda ba ɗan majalisa ba ba a rubuta muryarsa.

Washegari masu kula da gini suka ce rufi ne ke yoyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ban yi musu da su ba. Sai dai ban taɓa jin rufin da ke zubo da ruwan gishiri ba, kuma da kafet ɗin ya bushe fari-fari ya yi.

A ranar kuwa da aka tashi, a matattakalar waje, ruwa na zuba, Pak Derus ya tarar da Kiah ta rakuɓe da 'yarta. Ta sunkuyar da kai, ta kira shi yadda 'ya'ya ke kiran uba, ta ce, "Abah, ka yafe mini. Ban zo don in ɓata maka rai ba."

Ya ce, "Ke za ki yafe mini. Idan Sarki ya sa hannu, ni zan raka ki gaban alƙali, ni zan fara ba da shaida. Ki gaya wa malamin nan ya jira ki gama takaba, sannan ya zo ya same ni."

Juma'ar da ta biyo baya bai je gaɓa ba. Ya je wurin liman ya ce a yi wa Sulong sallar ga'ibi, ya tsaya a sahun farko.

Pak Derus, kai ne wanda aka ba hanyar samun abin da zuciyarka take so ba tare da kowa ya kama ka da laifi ba. Ciwon baya kawai za ka ce, kowa zai yarda, ni ma da na yarda. Jaridu sun buga hoton wanda ya kawo ƙudirin, an yi masa liyafa, kuma ya cancanta. Babu wanda ya buga hoton hannun da ya ɗago sandar. Ina jin haushin wannan har yau, shi ya sa nake rubutu.

Makon jiya na same shi yana koya wa wanda zai gaje shi yadda ake riƙe sandar. Da muka keɓe na tambaye shi abin da na daɗe ina jin nauyin tambaya, ko ranar ce karo na farko. Ya girgiza kai. Ya ce tun daminar da Sulong ya ɓata, duk sanda ya sa hannu ƙarƙashin teburin nan yakan ji yatsu masu sanyi sun taɓa nasa, a hankali, kamar yadda yaron yake yi yana ƙarami idan za su tsallaka titi. Shi ya sa bai taɓa neman hutu ba ko ba shi da lafiya. Na ce yanzu fa?

Ya ce, "Tun ranar bai sake zuwa ba. Na san ba zai sake ba tun kafin in ce ya saki."

Mun gode, Pak. Matan gaɓa sun gode, da waɗanda suka san sunanka da waɗanda ba su sani ba. Ku kuma da za ku zauna a kujerun nan bayan zaɓe, da mu masu ɗaukar takardu da kofuna a tsakaninku, kowa ranarsa tana zuwa da amanar hannunsa za ta ci karo da abin da ya fi so a duniya. Idan ta zo, a tuna akwai wani tsoho a jihar nan da ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen kafet, hannun ɗansa a cikin nasa, ya ce masa ya saki. Allah Ya jiƙan Sulong, Ya ba ka haƙurin rashinsa karo na biyu.