Kujerar Yaya Lawal

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan ba a nan. Masu tambaya ko fushi na yi, ban yi ba. Jinya na yi, kuma kunyar faɗin abin da ya kwantar da ni nake ji.

Kujerar mota ce.

Duk wanda ya san ni a Ƙanƙara ya san Kwaɗo, jar motar nan mai ƙofa biyu da cikinta ke kusan shafar ƙasa. Ta yayana ce, Yaya Lawal, Allah ya jiƙansa. Irin motocin tsere ce, ba don hanyarmu aka yi ta ba, amma Yaya bai taɓa yarda da haka ba. In an sauko Juma'a sai ya ɗauke ni mu tafi Mairuwa gaida Inna, gilashi a sauke, rake a cinyata, yana tuƙi yana ba ni labarin da na san rabinsa ƙari ne. Lokacin ba wanda ke duba agogo kafin ya hau hanya. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Da ya rasu iyalinsa suka bar mini motar. Da ita nake kai irin shuka da maganin feshi Faskari da Sabuwa, shekara shida.

Abin ya fara da ɗan tsami a kwankwason hagu. Daga nan zafi ya riƙa sauka ta bayan cinya har babban yatsa. Kun san mu, kowane ciwo basir ne ko sanyi. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji, wanzami ma ya kafa mini ƙaho. Matata Hadiza kuwa ɓoye mata na yi, don na san abin da za ta ce a sayar.

Ranar wata kasuwa a Sabuwa na tsaya, na buɗe ƙofa, ƙafa ta ƙi fita. Mutum biyu suka zaro ni a gaban jama'a.

A asibiti a Katsina aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙashi, sannan aka tura ni cikin na'urar nan mai kama da rami. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Likita ya ce, “Jijiya ce aka danne. Ba sai an yi aiki ba tukuna. Amma in ka ci gaba da abin da ke danne ta, ƙafar za ta iya shanyewa.”

Sallah ta koma a zaune.

Inna ta zo duba ni, ba ta yi kwana-kwana ba. “Ka saida motar ga. Na rasa guda, ba ni son in ga guda na jan ƙahwa.”

Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba. Ita kaɗai ta rage mini ta Yaya.

Mako shida ina zuwa sashen gashin ƙashi wurin wani Malam Bala. Da na fara samun sauƙi sai ya ce a kawo motar, yana so ya ga yadda nake zama. Na tattara babbar rigata kamar kullum, na kau da ita daga wajen giya, na cusa ta ƙarƙashin cinyar hagu, na zauna.

Ya yi dariya. “Alhaji, kujerar ga ko kai kaɗai ba ta ishe ka ba, ka ƙara mata yadi goma gefe guda. A karkace kake tuƙi.”

Sai ya ce in taka kuloci. Na zame gaba, na miƙe ƙafa, na taka da yatsu.

“Wa ya saita maka kujera?”

“Haka take.”

“Mai ita dogo ne?”

Yaya ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, ga shi siriri. Na san inda ƙarfen matsar da kujerar yake. Shekara shida ban taɓa shi ba, don yadda ya bar ta ke nan ranar da ya sauka.

Malam Bala ya ja baya ya tsaya. Ni da hannuna na ja ƙarfen. Ya cije, na sake ja, kujera ta matso gaba. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Daga baya wani mai ɗinkin kujerun mota a Funtuwa ya rage soson gefe da ke matse ni, ya yi mini ɗan matashi na ƙugu. Yau ina sujada da goshina a ƙasa, Kwaɗo kuma tana ƙofar gida. Alhamdu lillahi.

Na gode wa Hadiza da ta yi jinyata ba ta goranta mini ba. Na gode wa Malam Bala, da duk wanda ya yi mini addu'a. Allah ya saka da alheri.

Masu doguwar tafiya a ƙaramar mota, don Allah ku cire babbar riga ku ninke ta kafin ku zauna. Ku fitar da komai daga aljihun baya. Ku matso da kujera yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa in kun taka kuloci. Ku riƙa tsayawa kuna taka ƙasa. In zafi ya fara sauka ƙafa, asibiti za ku, ku bar batun basir.

In kuma abin mamaci ne a hannunku, ku gyara shi daidai jikinku. Da na gaya wa Inna dalilin da ya hana ni taɓa kujerar, sai ta share ido ta ce, “Lawal ɗin da ko hular wani ya ara sai ya karya ta daidai kanshi? Da ya gan ka, da shi zai hwara yi maka dariya.”

Ku sa shi a addu'a.