Gas ɗin Shafa'atu da Tokar Inna Yelwa

Sunana Halliru, ina da shagon cika tukunyar gas a Tudun Wada, cikin Gusau. Ni ne kuma mai buɗe ɗaki da jera kujeru a ƙungiyarmu ta masana man fetur da gas da makamashi. Kada sunan ya ruɗe ku. Akwai injiniyoyi na gaske a cikinmu, waɗanda suka yi aikin mai a kudu suka dawo da furfura da dogon Turanci. Akwai malaman kimiyya da masu haɗa sola, sai irina da muka shiga don mu ma da gas muke ci. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa, kowa ya kawo abin da yake bincike a kai, a yi ta musu har la'asar.

A shagona na fara ganin Shafa'atu. Ta shigo da kan murhun gas a leda, ta ce in ƙara masa faɗin huda. Na ce wa ya aiko ta ta kashe mutane? Ta ce ba irin gas ɗina za a sa ba, na kashin shanu ne, shi kuwa ba shi da ƙarfin turi, sai da babbar huda yake kamawa. Na yi dariya har da buga kanta. Ita ko gezau, ta tsaya har na gama, sannan ta ce, "To Malam, za ka huda ko in ƙara gaba?" Na huda, daga baya kuma na jawo ta cikin ƙungiyarmu.

'Yar 'Yankuzo ce, can ƙasar Tsafe. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, sai yayar babanta, Yelwa, ta ɗauke ta, shi ya sa Inna take ce mata. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna Yelwa ta raine ta, da su ta kai ta har kwalejin kimiyya da fasaha. Yanzu Shafa'atu ce ke kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar 'yan mata a nan Gusau. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu gara ka tura bango.

Abin da ya hana ta barci shi ne itace. Suyar gyaɗa da ta ƙuli cin wuta gare su, Inna Yelwa kuma gwauruwa ce, da kanta take shiga daji ta yiwo icce tare da sauran tsofaffin unguwa. Dajin kuwa kowa ya san abin da ya zama. Da damina ta wuce 'yan bindiga suka tare matan, suka tafi da wata maƙwabciyarsu, Inna ta tsira ne kawai don ta kwanta cikin wani kwazazzabo. Shafa'atu ta roƙe ta ta dawo Gusau, ta ce ba ta barin ɗakinta. Ta kai mata tukunyar gas, ta ce a fitar mata da bam daga gida. Ko da ta yarda ma, wa zai riƙa ɗauko tukunya a kan wannan hanya duk lokacin da ta ƙare? Sai Shafa'atu ta yi wa kanta alkawari cewa Inna ta gama shiga daji, ko ta halin ƙaƙa.

Injiniya Muhammad Sani, dattijon ƙungiyarmu, yana da irin wannan gas a gonarsa ta Bungudu. Tanki ne na roba, a dama kashin shanu da ruwa a zuba a ciki, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ci su saki iska, iskar ta bi tiyo zuwa murhu. Nasa yana ci lafiya lau, har shayi ya dafa mana da shi, na sha ina yamutsa fuska. Ya ba Shafa'atu tsarin, wani ya ba da tanki, ni na ba da tiyo da murhu. Babanta, Malam Tambaya, yana da shanun huɗa a turke cikin gida ɗaya da Inna, don haka abincin tanki ba matsala ba ne. Aka haɗa, aka jira, wuta ta kama shuɗiya. Mun yi ta murna a taro kamar mu muka haƙo mai a Zamfara.

Ba a daɗe ba wutar ta fara yin ƙasa, ta koma tana kamawa tana mutuwa, daga baya ta ɗauke ɗif. Inna Yelwa ba ta yi wa kowa shawara ba, ta ɗauki igiyarta ta koma daji.

Ranar da Shafa'atu ta ji, ta zo shagona ta zauna a kan benci. Tsoro ne a fuskarta, da fushi. Ni ma na ji tsoron, don na san in wani abu ya sami tsohuwar nan, yarinyar ba za ta yafe wa kanta ba. Daga nan duk ƙarshen mako tana hanya: mota zuwa Tsafe, babur zuwa 'Yankuzo. Ta shafa ruwan sabulu a kowace gaɓar tiyo tana neman inda yake yoyo, babu. Ta rage ruwa, ta ƙara ruwa. Ta lulluɓe tankin da buhuna ko sanyi ne. Shiru kake ji.

A taronmu kowa da tasa. Wannan ya ce tankin ne ya yi ƙarami, wancan ya ce shanun ne aka yi wa allura. Wani da ya yi shekaru a Fatakwal ya miƙe ya yi mana lacca a kan rijiyoyin cikin teku, kamar a teku Inna Yelwa take suya. Sai Shafa'atu ta ɗauko wata jarka daga ƙarƙashin kujera ta ɗora a kan tebur ta buɗe. Ruwan cikin tankin ne. Jama'a, ban taɓa ganin manya sun nemi taga da sauri haka ba.

"Ku yi haƙuri," in ji ta. "Musun ya isa. Ga shi nan, a gwada."

Malama Halima, mai koyar da ilimin sinadarai, ta toshe hanci da mayafi ta tsoma wata 'yar takarda mai canza launi. Ta duba, ta sake tsomawa. Ta ce ruwan nan ya yi kaifi irin na kanwa, kaifin da zai kashe halittun da ke yin gas. Daga ina? Babu wanda ya sani. Injiniya Muhammad Sani ya ce, "Shafa'atu, ke da rana kike zuwa, bayan an riga an zuba. Je ki kwana, ki ga duk abin da ke shiga tankin nan tun daga turke."

Ta je. Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji. Bayan sallar asuba Inna ta fito da tsohuwar tasa, ta kwashe tokar murhu tas, ta nufi turke. Ta barbaɗa tokar a kan kashin shanun, lulluɓi mai kauri, sannan ta share duka ta loda a bokiti. Ba ta tsaya nan ba, ta ƙara cikin tafi biyu a kai, ta nufi tanki.

"Inna, tsaya! Mene ne wannan?"

"Toka ta, mi kinka gani?"

"Kullum haka kike yi?"

"Awo. Ke ɗiyar ga, wa ka taɓa kashin shanu ba toka? Ƙuda su cika min gida ina sana'ar abinci? Kuma ai toka ita a ƙarhin taki. Tun kakanninmu juji ba ya yin kyau sai da ita. Nic ce abin naki ya yi rauni, bari in ƙara mai ƙarhi."

Shafa'atu ta ce ta rasa ko ta yi kuka ko ta yi dariya. Wato tun da wutar ta fara ƙasa, Inna ƙara tokar take yi don ta taimaka. Ta zaunar da ita a kan turmi ta yi mata bayani: abin da ke cikin tanki masu rai ne, toka tana yi wa gona amfani amma su kashe su take yi. Inna ta ce, "Ashe dabbobi kinka aje min ban sani ba. Da kin hwaɗa min ai da na yi musu kiwo na gari." Suka yi yarjejeniya: a fara kwashe na tanki da tsabtarsa, sannan ta barbaɗa tokarta a turke yadda take so.

Gyaran ya fi haɗawar wahala. Sai da aka juye tankin kaf, a gindinsa toka ta daskare kamar laka. Shafa'atu da babanta suka kwashe da hannu. Aka ɗebo ruwan tankin Bungudu a jarkoki don a sami irin halittun, aka ɗaura a babur. Sai jira, kuma jiran nan ne abin tsoro, don ba wuta, Inna kuma ba ta iya zama ba suya. Shafa'atu ta ɗauki hutu a makaranta ta tare a 'Yankuzo. Ta bi gonakin bakin gari tana tara karan dawa, ta bi gidaje tana roƙon ɓawon gyaɗa. Duk safiya a bakin ƙofa take shimfiɗa tabarma, wai tana tsintar wake. Inna ta gane, ta yi ta faɗa, ta ce an mai da ita fursuna a gidanta. Shafa'atu ta ce ta ji, a kira ta gandiroba, amma ba inda za a je.

Da ta kira ni ta ce tiyo ya fara kumbura, na rufe shago na tafi da sabon murhu mai faɗi wanda zai ɗauki kaskon suya. Da la'asar muka kunna. Wuta ta kama, shuɗiya, tana huci, ba ta rawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, gas ɗin ba ya ɗaukar suyar yini guda, sai an cika da kara da ɓawo. Amma ya ɗauke icce, abin da ake nema ke nan. Inna ta soya gyaɗa kasko ɗaya ba hayaƙi, tana yi tana share ido, ta ce sabo ne kawai.

A zauren Malam Tambaya na kwana. Da gari ya waye ina shan koko, sai ga tsofaffin mata sun tsaya a ƙofar gida, kowace da igiya da gammo. Ɗaya ta ɗaga murya.

"Yelwa! Hito mu tahi, rana na yi."

Inna ta leƙo, Shafa'atu na bayanta. Ta ce, "Ku tahi, ni na bari." Da fara'a ta fara maganar, amma kafin ta rufe baki fara'ar ta gudu. Matan suka ce to, Allah shi sa albarka, suka juya suka nufi hanyar daji. Inna ta tsaya tana kallon bayansu har suka sha kwana, hannunta a kan ƙirji. Raina ya ɓaci ƙwarai, kokon ya fita kaina.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Shafa'atu, waccan ta baya mai ɗingishi, da awaki gare ta. Kashin awaki ma na yi?"

"Yana yi, Inna, in an jiƙa shi."

Sai Shafa'atu ta dube ni. "Malam Halliru, gama kokon nan. Zo mu je mu auna wa tanki wuri a tsakar gidanta kafin ta dawo."