Kujerar Jirgin Yaƙin da Yaya Haruna Ya Ƙi Narkarwa

A watan Rajab ɗin nan da muke ciki aka cika shekara goma sha biyar da muka kai Yaya Haruna Mai-tukwane makwancinsa a nan Jidda. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Na kira shi Yaya ne saboda shi ya ba ni wurin kwana a Ammariyya lokacin da na zo umara na noƙe na ƙi komawa gida, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba sana'a, sai dogon baki. Shi kuwa tun yana yaro iyayensa suka taho da shi a ƙasa daga Kano. A Jidda ya girma, a nan ya yi aure, Larabawan unguwa suna ce masa Ammu Harun.

Sana'arsa zubin tukwane. Yana da maƙera a Khumra, can kudu inda gari ya ƙare, yana narka farin ƙarfen nan mara nauyi, sanholo, ya zuba a ƙasar zubi, washegari ka ga tukunya ta fito. Ni kuma na samu tuƙa motar wani mai sayen kayan gwangwan. Zamanin ne kuɗin mai suka fara yawa, ana rushe tsoho ana gina sabo, duk inda ka duba ƙarfe ne a yashe. In na samo sanholo mai kyau, Yaya nake fara kai wa. Yakan ƙwanƙwasa da ɗan guduma ya kasa kunne, sannan ya ce a sauke ko a wuce da shi gaba.

Wata rana na yi nisa kudu, hanyar bakin teku, sai wani makiyayin raƙuma ya ce in ƙarfe nake nema, akwai jirgi a bayan wancan tudun. Na ɗauka jirgin ruwa yake nufi. Ashe jirgin sama ne, ƙarami, hancinsa a cikin rairayi, fiffike ɗaya ya karye ya kwanta gefe. Makiyayin ya ce tun zamanin ubansa yake wurin, tun babban yaƙin da Turawa suka yi a tsakaninsu. Rana da iska sun cinye fentin, ba tuta ba rubutun da zan iya karantawa. Ban ga ƙashi ba, ban ga takalmi ba. Abin da na gani sanholo ne mai kyau da ba shi da mai shi. Na kwance fallayen fiffiken, na ciro kujerar matuƙin tunda ita ma sanholo ce, na loda na kama hanya ina ta murna.

Yaya ya ƙwanƙwasa fallen farko, fuskarsa ta washe. Ya ce tunda yake bai taɓa jin ƙarfe mai muryar wannan ba. Sai idonsa ya kai kan kujerar. Ɗamarar da matuƙi ke ɗaure jikinsa da ita ta ruɓe, saura 'yan guntaye, amma ƙarfen da ke haɗa bakinta biyu yana nan, kuma a kulle yake. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya tambaye ni ko ni na kulle, na ce ban ko lura da shi ba.

"Sale, wanda ya fita da ƙafarsa ba ya barin ɗamara a kulle," in ji shi. "Mutumin nan a ciki ya cika."

Na ce wannan kuma shaci-faɗi ne. Shekara nawa jirgin nan yana kwance? 'Ya'yan makiyaya sun hau sun sauka, wani ya zauna yana wasan tuƙi ya kulle abinsa ya zame ta ƙasa. In da mutum a ciki, ina ƙashinsa? Ya ce kuraye da mikiya ba sa barin ƙashi a inda suka same shi. Na ce ko kuma 'yan'uwansa sun zo sun ɗauke shi. Ya ce in da su suka ɗauke shi, da sun kwance ɗamarar. Wannan gardama muka fara a tsaye a bakin mota, kuma sai da muka shekara kusan ashirin muna yinta, ba wanda ya kayar da wani.

Abin da ya yi daga nan shi ne har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai. Ya ce kayan nan tsintuwa ne, tsintuwa kuwa sai an yi cigiya shekara guda kafin a taɓa. Na ce Yaya, cigiyar jirgin yaƙi? A wurin wa? Ya ce a inda ake cigiyar komai. Ranar Juma'a bayan an sallame, a ƙofar ɗan masallacin da mutanenmu ke taruwa a Khumra, inda aka saba jin cigiyar akuya da agogo da fasfo, sai ga Yaya ya miƙe yana shela da Hausa yana maimaitawa da Larabci, cewa duk wanda jirginsa na sama ya faɗi a hanyar kudu, ko ya san mai shi, fiffike da kujera suna wurin Haruna maƙeri, ya zo ya faɗi kama ya karɓa. Jama'a suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ni kuwa ban yi dariya ba, don mutumin da ba shi da iƙama ba ya son a haɗa sunansa da kayan soja a bainar jama'a. Na riga na hango kaina a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, ana jiran jirgin da zai maida ni Kano. Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya ce shi bai ambaci sunana ba, kuma ba zai ambata ba, amma cigiya ba fashi.

Haka ya yi ta yi har shekara ta zagayo. A tsakanin nan aikin hajji ya zo, lokacin da masu dafa wa alhazai abinci ke rububin manyan tukwane, sanholo ya yi wuya, ga shi jibge a bayan maƙerarsa bai taɓa ko falle ɗaya ba. Na ji haushin wannan ƙwarai, kuma na gaya masa. Ba wanda ya zo, in ban da wani tsoho mutumin Damagaram da ya zo kallo, ya ce shi ma ya ga irin jiragen nan suna wucewa yana yaro.

Da shekara ta cika limamin masallacin ya ce to, yanzu yana iya amfani da kayan ko ya yi sadaka da su. Yaya ya narka fallayen fiffiken ya zuba manyan tukwane, irin waɗanda sai mutum biyu ke ɗagawa, ya ce waƙafi ne ga unguwa: duk mai suna ko biki ko zaman makoki ya ara ya wanke ya dawo da su. Kujerar kuwa ya ce wuta ba za ta taɓa ta ba. Ya rataye ta a bangon maƙera, can sama inda hayaƙi ba ya kai wa sosai. Na ce to mene ne bambancin? Jirgi ɗaya ne. Ya ce fiffike na gwamnatin da ta ƙera shi ne, ita kuma ta yar. Kujera kuwa ta wanda ya mutu a kanta ce.

Na daɗe ban gane abin da ya ɗaure masa kai da wannan mutumin da bai san sunansa ba, bai san ƙasarsa ba, bai ma san ko bama-bamai ya je zubawa kan wasu bayin Allah ba. Sai wata rana muna cin tsire da hantsi ya ba ni labarin tahowarsu. Lokacin yaƙin ne. Suna tafe a ƙasa ta Barno, ta Fallomi, har cikin Sudan, jiragen yaƙi kuma suna bi ta samansu suna yin gabas, kai ka ce su ma hajjin za su. Yakan ɗaga kai yana mamakin yadda tafiyar da ke cin su wata da watanni wani ke yinta kafin azahar. A wannan hanya, can cikin Sudan, mahaifinsa ya kwanta ciwo ya rasu. Ayari ba ya jira, aka haƙa rami a gindin wata bishiya aka rufe shi aka wuce. Yaya ya ce ko an ɗaura masa wuƙa a wuya ba zai iya nuna wurin ba.

"Kullum ina roƙon Allah duk wanda ya ci karo da wurin nan ya bar mini ubana yadda ya same shi," in ji shi. "To ni in narka na wani?"

Amma kada mai karatu ya ɗauka na sallama. Har gobe ina nan a kan cewa ban yi laifi ba da na ɗebo ƙarfen da rairayi ke ci a banza, kuma mutanen da suka ƙoshi daga tukwanen nan shaiduna ne.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance shi ne, kwanakin baya ina zaune a gidan 'yata a unguwar Bani Malik, Khalid babban ɗan Yaya ya zo gaishe ni, ya nuna mini wani shiri a kwamfutarsa. Wai ashe a ƙasashen Turai akwai mutanen da ba su da aiki sai bin sawun jiragen wancan yaƙin, a daji da tsauni da ƙarƙashin ruwa. Wasu su haƙo su kai gidan tarihi, su gyara su shafa fenti yara su zo kallo. Wasu su yanka gutsu-gutsu su sayar wa masu sha'awa. Wasu kuma su ce haram, inda matuƙi ya mutu kabari ne, a kafa alama a bar shi. Har da 'ya'ya da jikoki masu cewa a tono ko za su samu abin da za su binne. Na saki baki ina kallo. Gardamarmu ce ta bakin mota, ga ta nan a bakin mutane masu gilashi da taswira, kuma su ma ba su gama ta ba.

Na yi ta tunanin wane ɓangare Yaya zai bi. Masu yankawa su sayar, na san ko shayi ba zai ba su ba. Masu gidan tarihi, ina jin zai tambaye su ko sun yi cigiya. Waɗanda nake da shakka a kansu su ne jikokin nan, don da wani ya zo ya ce masa ga bishiyar da aka rufe mahaifinka, ban sani ba ko zai ce a bar shi, ko kuwa zai ɗauki fartanya ya kama hanyar Sudan. Wannan tambayar ban taɓa yi masa ba, kuma tana damuna.

Da ciwon ajali ya kama Yaya, ya sa aka kira ni. Bai yi mini maganar maƙera ba, bai yi ta gida ba, don Khalid ya isa ya riƙe. Cewa ya yi tunda ni na ɗauko kujerar, ni zan maida ta. Na ce Yaya, har yanzu? Ya yi murmushi ya ce har yanzu. Da ya cika, ina cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi, kuma da muka kwantar da shi ni na kwance ɗaurin likkafaninsa na wajen kai, kamar yadda ake yi wa kowa.

Bayan an share makoki muka sauko da kujerar daga bango muka tafi da Khalid, yana tuƙi ina nuna hanya. Da ƙyar na gane tudun, don an shimfiɗa kwalta kusa da shi. Jirgi kam babu. 'Yan gwangwan irina sun bi baya sun kwashe har injin, ba abin da ya rage sai 'yan ƙusoshi a cikin rairayi. Na tsaya ina lissafi a raina: da ban ɗauko kujerar ba, da ita ma tuni ta zama cokula. Wato ni na jawo, ni kuma na tserar, Yaya ya ajiye. Na so a ce yana nan in gaya masa wannan in ji me zai ce.

Muka haƙa rami mai zurfi yadda wani direba mai ido irin nawa ba zai hango ba, muka saka kujerar a ciki. Ba mu yi salla ba, ba mu san addinin mutumin ba, mun bar wa Allah wannan. Khalid ya ce yalla, halas, mu rufe rana na yi. Na ce ya ɗauko mini man inji a mota. Na ɗiga a ƙarfen ɗamarar, na jira ya jiƙa, na danna. Ya ɗan yi gardama, sannan ya buɗe.

Tukwanen suna nan har yau suna yawo tsakanin Khumra da Ammariyya. Gindinsu ya yi baƙi, ɗaya ta sha faci, kuma yaran yanzu da ke dafa shinkafar biki a ciki ba su san sun taɓa tashi sama ba. Maƙerar an rushe ta an yi sito. Abin da ya rage mini na Yaya Haruna shi ne, har yau ba na iya ganin abu a yashe ban tambayi kaina ko na wane ne ba, ni da na yi rayuwata ina loda abin da aka yar.

A hanyarmu ta dawowa ranar da muka binne kujerar, Khalid ya tambaye ni da Hausarsa mai gauraye, wai ya ammi, yanzu ka yarda mutumin a ciki ya mutu? Na ce ban yarda ba, 'ya'yan makiyaya ne suka kulle. Ya ce to me ya sa ka buɗe?

Na ce masa, "In ni ke da gaskiya, ɗigon mai kawai na yi asara. In babanka ne, ai ba a barin mutum a ɗaure a cikin ƙasa."

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya sa wanda ya ci karo da bishiyar nan ta Sudan ya bar ta yadda ya same ta.