Ranar da na hau kan jirgin Malam

Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Ko ƙwaƙwalwata ta zubar da komai, ranar da na hau kan jirgin ƙasa a Wilmington ba za ta zube ba.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, fayaman ne a reluwe tun zamanin jirgin kwal. Shi ke zuba wa injin wuta daga Kano, jirgi ya kwashi gyaɗa zuwa bakin ruwa a Ikko. Ina amarya nakan kai masa tuwo tasha, in tsaya a ƙasa in miƙa langa sama, ya sunkuyo ya karɓa, fuska baƙi ƙirin. Ban taɓa hawa ba, mace ba ta hawa wurin.

Da tsufa ya zo, 'yarmu ta kawo mu wurinta a ƙasar waje, garin Greensboro. Wata rana a shagon nama na Gate City wani ya gaya wa Malam akwai gidan tarihin jiragen ƙasa a Wilmington, garin bakin teku, har da tsohon injin kwal. Ya dawo yana murna kamar yaro. "Bayan sallah zan kai ki, ki ga inda na ƙone hannuwana." Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo, shi ma ya wuce. Har yanzu in na faɗi haka sai na share ido.

Ina fita takaba na ce a kai ni. 'Yata ta ce, "Mama, da wace gwiwar? Matakalar gidan nan ma sai an riƙe ki."

Na ce, "In ba ki da lokaci, nuna min inda ake shiga bas."

Ta san halina. Ranar Asabar na tuƙa tuwo da miyar kuka na zuba a kula, muka kama hanya.

Garin tsoho ne, ga kogi, ga manyan jiragen ruwa na dakon kaya. A gidan tarihin an nuna mana fitilu da hulunan ma'aikata da ƙananan jirage na wasa, ni dai idona na waje. Can na ga injin a tsaye, baƙi, babu wuta babu hayaƙi. Matakalarsa ta ƙarfe ce, a miƙe. Na ɗora ƙafa, gwiwa ta ƙi. Na sauko na huta.

"Mama, ki tsaya a nan in ɗauke ki hoto, ai duk ɗaya ne."

"A nan na tsaya duk ƙuruciyata. Yau sama za ni."

Na ɗaure mayafi a ƙugu, na yi bisimilla, na kama ƙarfe da hannu biyu. Wata Baturiya mai kula da wurin ta tallafe ni ta baya, 'yata tana ta salati. Zafin ya kai min har ƙeya, amma ban saki ba sai da na ji ni a ciki.

Wurin ƙarami ne ƙwarai. Ga bakin murhun, ga inda mutum zai tsaya da shebur. Na shafa ƙarfen, sanyi ƙalau. Sai na leƙo ta taga, na hango 'yata a ƙasa, ta ɗago kai, rungume da kular tuwo. Ashe haka Malam yake hango ni.

Na ce, "Miƙo."

Ta miƙo, na sunkuya na karɓa, muka fashe da kuka mu biyu. Na yi masa addu'a a wurin har na gamsu.

Gwiwar ta kwantar da ni kwana da kwanaki, ban yi da-na-sani ba. Abin da na koya shi ne, in ka ƙudurta za ka kai wani wani wuri, ka kai shi yau yana da rai, kada ka ce sai bayan sallah. In kuma ya riga ka tafiya, ka tashi ka je ko da jan ƙafa ne.