Igiyar fata a hannun Lawali

Mun tashi da asuba daga Montreuil, ni da wani Alhaji maƙwabcinmu mai kai atamfa Lyon, da wata ɗaliba mai komawa Villeurbanne kusa da Lyon. Jirgin ƙasa ya fi sauri, amma tikitin Juma'a sai wanda ya ci ya ƙoshi. A motar Alhaji kuwa kuɗin mai kawai muka haɗa. Maigidana ya rako ni bakin mota, yana gaba ina baya kamar kullum, ya ce Allah ya kiyaye, ya juya.

Jama'a, ba yawon shan iska ya fitar da ni ba. A jakata akwai ƙullin magani da Inna ta aiko daga Maradi. Labari ya kai mata cewa Rakiya, matar ƙanena Lawali da ke Lyon, ta shanye shi: wata baƙuwa ta gan shi durƙushe yana cire mata takalmi, da igiyar fata a wuyan hannunsa. Inna ta ce in zuba masa maganin a kunu, in tsinke igiyar, in kuwa abin ya tabbata, ko ya saki matar ko ta cire shi daga cikin 'ya'yanta. Inna ba ta maimaita magana.

Hanya sumul, gonakin inabi dama da hagu, ga fararen shanu suna kiwo ba makiyayi. Mun tsaya wani gidan mai, na sayi kofi ɗan mitsitsi da kuɗin da zai ci da mutum uku a Maradi. Alhaji ya yi mini dariya, ya zaro kilishi daga ƙarƙashin kujera, da shi muka karya.

A Guillotière, wata unguwa a Lyon, suka sauke ni. Mahautan Larabawa, shagunan kitso, ƙamshin gasasshiyar kaza, taram, jirgin ƙasan cikin gari, na ratsa mutane yana kaɗa ƙararrawa ba mai kula shi. Nan Lawali ya tarbe ni. Na ƙare masa kallo ina neman alamar wanda aka shanye, sai na ga ƙato har da tumbi. Hannunsa ba komai. Da muka isa gida na hango igiyar rataye a ƙusa tare da makullai.

Washegari bayan la'asar na fita sayen busasshiyar kuɓewa, ruwan sama ya koro ni da wuri. Na buɗe ƙofa da makullin da suka ba ni, ba su ji ba. Rakiya na kan kujera, ta dawo daga asibitin da take aiki. Lawali na zaune a ƙasa, igiyar a hannunsa, ya wanke mata ƙafafu a roba, ya ɗora ɗaya a cinyarsa yana sa mata lalle. Namiji da lalle! Na buɗe baki zan yi salati, sai na ga fuskarsa. Ban taɓa ganin ƙanena cikin natsuwa irin wannan ba, yana bin gefen ƙafar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta ce, "Ɗago ka dube ni." Ya ɗago. Ni kuwa na tsaya da leda a hannu, kishi ya kama ni, ba na Lawali ba, na ƙafar.

Da suka gan ni ya kwance igiyar, ya ajiye. Ban ɓoye musu komai ba, na dire ƙullin a tebur. Rakiya ta sunkuyar da kai.

"Yaya, ni na roƙe ta," in ji Lawali. "Sai da ta yi wata tana tunani kafin ta ce to. In na ɗaura, ita ke da umarni. In ɗayanmu ya gaji, a kwance, shi ke nan."

Ya miƙo mini igiyar. Na juya ta, na matsa, ba laya ba ɗinki, fatar Zinder ce irin ta maɗaurin agogo. Suka gaya mini akwai wasu ma'aurata da suke haɗuwa da su a wani gidan shayi da rana, har da malamar makaranta da direban taram, kowa da irin tasa yarjejeniyar, suna ba juna shawara. Turawan cikinsu bauta suke kiran abin. Lawali ya ce ya gaya musu goshinsa na Allah ne shi kaɗai, hannuwansa ne na Rakiya. Ita kuma ta kafa sharaɗi tun farko, lokacin salla ba igiya. Da magariba ta yi shi ya ja mu.

Da safe na dama kunu, na rasa yadda zan yi da ƙullin. Lawali ya ɗauka ya juye a kofinsa.

"Bari in sha, kada ki yi wa Inna ƙarya."

Ya shanye tas, ya yamutsa fuska, ya ɗan jira, sannan ya dubi matarsa ya ce, "Hajiya, da sauran aiki?" Muka yi dariya har da hawaye, nawa dai ba na dariya ba ne duka.

A hanyar dawowa na kira Inna. Na ce ya sha magani, igiya kuma na duba, ba komai a ciki, shi ya zaɓi ya yi wa matarsa hidima. Ta tambaya ko yana salla, na ce shi ke limanci. Ko ya rame, na ce sai dai a rage masa tuwo. Sai ta ce, "To, su riƙa rufe ƙofa." Sannan ta ƙara da cewa, "Babanku ko ruwa bai taɓa miƙo mini ba."

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan. Na tafi ceton mutum, na tarar shi ya san abin da yake so, ya buɗe baki ya nema. Ni shekaru nawa ina jira a gane nawa ba tare da na faɗa ba.

Na iso Montreuil ƙafafuna sun kumbura. Maigidana na kallon labarai, ya ce sannu da hanya, idonsa a talabijin. Na zauna, na ce, "Malam, don Allah ɗan ɗora mini ruwan zafi." Ya dube ni kamar baƙuwa. Ya tashi, na ji yana ta buɗe-buɗe yana neman robar da bai san wurinta ba. Ya kawo, ya ajiye a gabana, ya koma kujerarsa. Bai taɓa ni ba. Amma kafin ya tashi daga sunkuyen, sai da ya tsoma yatsa ya ji ko ruwan ya yi zafi da yawa.